Motar da ake kwana a cikinta, da kuɗi kaɗan: wacce zan saya?

Malam, ka ce kana Bauchi, kana son tsohuwar mota mai gado da wurin girki don kai iyali Yankari, kuma aljihu ba nauyi. Shawarata, ka bar irin waɗanda ake kawowa daga Turai. Da yawansu a kan Fiat Ducato aka gina su, kuma in wani abu ya lalace sai ka jira kayan gyara daga Legas. Ga cikinsu kusa da ƙasa, hanyar daji ba za ta raga musu ba.

Nemi Toyota Hiace mai lafiya, ka cire kujerun baya, mai walda da kafinta su yi maka gado, ka ɗora sola ɗaya da batir. Ko a ƙauye ta tsaya, za ka samu bakaniken da ya san ta.

In kuwa ranka ya kafe kan ta Turai, rufin za ka fara dubawa. Danna bango da silin da hannu, musamman gefen tagogi. In ya lotsa ko kana jin warin danshi, ruwa ya riga ya ci katakon ciki, kuma gyaransa na iya fin na inji tsada. Tayoyi ma kada zanensu ya ruɗe ka, motar da ta daɗe a ajiye tayarta tsagewa take yi. Lambobi huɗu na jikin tayar suna nuna lokacin da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019.

Kada ka biya sai lambar shasi ta dace da takardun kwastan. Mai sitiyari a dama kuwa, doka ta hana ta a Najeriya, komai arharta.