Sabuwar na'urar wasa ta hannu ba ta yi kasuwa ba: in saya ko in dakata?

Tambaya: Akwai sabuwar na'urar wasan bidiyo ta hannu da nake so, amma ana cewa kasuwarta ta yi sanyi tun fitowarta. Za ta farfaɗo kuwa, ko asarar kuɗi zan yi?

Amsa: Malam, cinikin watannin farko ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Abin lura shi ne matakin da kamfanin ya ɗauka da ya ga kasuwa ta ƙi.

Nintendo 3DS ta fito a Japan a Fabrairun 2011, ta shiga Amurka a Maris kan dala 250. Jama'a suka ja baya, ga tsada ga ƙarancin wasanni masu armashi. Zuwa Agusta kamfanin ya zabtare farashi zuwa dala 170, a Japan kuma daga yen 25,000 zuwa 15,000. Shugabansa, Satoru Iwata, ya rage rabin albashinsa, waɗanda suka saya da tsada aka lallashe su da wasanni 20 kyauta. Kafin shekarar ta ƙare Super Mario 3D Land da Mario Kart 7 sun fito. Daga ƙarshe an sayar da 3DS fiye da miliyan 75.

PlayStation Vita ta Sony, wadda ta fito a Disambar 2011, ta fi ta ƙarfi da kyan allo, amma ba ta tashi ba. Katin ajiyarta na Sony ne kaɗai, ba ta karɓar microSD, kuma mai 32GB ya kai kusan dala 100. Monster Hunter, wasan da ya ɗaga PSP (na'urar hannu ta Sony da ta gabaci Vita) a Japan, ya koma 3DS. Ragin farashi bai isa Amurka ba sai Agustan 2013, lokacin bakin alƙalami ya kusa bushewa. An daina ƙera ta a 2019.

Dalilin a fili yake: masu ƙirƙirar wasanni ba sa kashe kuɗi a kan na'urar da mutane kaɗan suka mallaka, masu saye kuma ba sa zuwa inda babu wasa. Kamfanin da ya ƙera na'urar ne kaɗai zai iya karya wannan, da aljihunsa.

Don haka ka duba wasannin da aka tsayar wa ranar fita cikin wata shida masu zuwa, ban da masu "nan ba da jimawa ba". In babu manyan wasanni biyu ko uku daga kamfanin kansa, ka riƙe kuɗinka. Ka kuma haɗa lissafi da katin ajiya da jaka da wasa biyu, domin nan tsadar take ɓuya. A ganinmu, jira har kasuwar ƙarshen shekara ta wuce ya fi.

Tambaya: Na riga na saya. In kamfanin ya watsar da ita, me zan rasa?

Amsa: Na'urar za ta ci gaba da aiki. Kantin intanet ne abin tsoro, kodayake yakan daɗe: na 3DS sai a Maris 2023 aka daina saye a cikinsa, wasa da wasu ta intanet kuma ya tsaya a Afrilun 2024. Ka fifita wasannin da ke zuwa a kati, ka tanadi caja da katin ajiya na biyu tun suna samuwa. In kuwa irin Steam Deck ce mai buga wasannin kwamfuta, hankalinka ya kwanta, wasanninka suna cikin asusunka kuma za su buɗe a wata kwamfutar.