Ta yaya ake gano duniyoyin da ke kewaya wasu taurari?

Malam ka tambaya wai yaya ake ganinsu da wannan nisan. Gaskiya yawanci ba ganinsu ake ba, giftawarsu ake kamawa. In duniya ta wuce ta gaban tauraronta sai haskensa ya ɗan ragu, kamar ƙwaro ya gifta gaban fitila, to wannan ragin ne na'urar hangen nesa ta Kepler ta hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta riƙa aunawa daga 2009, in ya maimaitu a kan lokaci shi ke nan an san tsawon shekararta. Yanzu an tabbatar da sama da 5,000. Ni dai tauraron da ake kira TRAPPIST-1 ke burge ni wallahi, duniyoyi 7 ke kewaya shi kusan girman tamu, wajen uku suna daidai inda ruwa ba zai daskare ko ya ƙafe ba.