"Baki Shi Ke Yanka Wuya": Gargaɗi Ne Ko Barazana?

Wani matashin manomi daga ƙasar Ringim ya rubuto: "Malam, duk sanda na yi ƙorafi kan rabon taki, sai baffana ya ce baki shi ke yanka wuya. Wato talaka ya ja bakinsa ya yi shiru ke nan? Kuma mece ce sawaba da yake yawan ambata?"

Ɗana, asalin karin maganar a kan sakin baki take: mai tsegumi, mai fariya, mai tona asirin kansa. Irin wannan shi ke jawo wa wuyansa wuƙa. Ba ta ce a haɗiye gaskiya ba. Amma karin magana kamar lauje ce, wanda ya riƙe ƙotar shi ke zaɓen abin da zai yanka. A bakin uba gargaɗi ce, a bakin mai mulki kuwa barazana.

Kada ka raina baffanka, ina zargin ya ga jiya. Bayan kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, 'ya'yanta a karkara sun ɗanɗana kuɗarsu. Mutum ya soki haraji ko aikin tilas, 'yan doka su tasa ƙeyarsa gaban alƙali, a yi masa bulala, a jefa shi gidan yari. (Yari sarauta ce, shi ne mai kula da kurkukun sarki.) Wani a tsananta masa har ya bar garinsu da gonarsa. Ko mata ba su tsira ba: Hajiya Gambo Sawaba an ɗaure ta sau 16, har aske mata kai aka yi.

Ita sawaba daga Larabci muka aro ta, inda take nufin abin da yake daidai. Bahaushe ya mayar da ita sauƙi bayan matsi, shi ya sa za ka ji an ce kaya sun yi sawaba a kasuwar Maigatari. Su Malam Aminu Kano na NEPU suka ɗauke ta suka yi take da ita, har ta manne wa Gambo ta zama suna.

Harajin nan da aka sha bulala a kansa, sai 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi tare da jangali, lokacin Ringim tana cikin jihar Kano. In ka koma gida, tambayi baffa ko a garinku akwai wanda aka ɗaure kafin nan, da kuma wa ya nome masa gona a daminar da ba ya nan.