Tambaya da Amsa: Haɗa Kwamfutar Wasa a Zariya

Wasiƙun wannan makon sun karkata ne ga masu son haɗa kwamfutar tebur ta wasa da hannunsu. Ga biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Samaru. Na ɗan tara kuɗi ina so in haɗa kwamfutar da za ta ja EA Sports FC da GTA V da Warzone ba tare da tana sanƙarewa ba. Abokina ya ce in fara sayen furosesa Core i9, sauran kaya su biyo baya. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Shawarar abokinka kamar ka ƙarar da kuɗinka a kan doki ne ka rasa na harawa. A wasa, katin hoto, wato GPU, shi ke ɗaukar kaya mafi nauyi, don haka shi za ka fara zaɓa, kuma ba laifi ya cinye kusan rabin abin da ka ware. Idan monitarka 1080p ce, RX 6600 mai 8GB ko RTX 3060 mai 12GB ko RTX 4060 duk za su ishe ka. Furosesa kuwa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, matsakaiciya ta wadatar: Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F, kowacce ƙwaya 6 gare ta, kuma ba za ta riƙe wa waɗannan katunan ƙafa ba.

Inda mutane ke asara shi ne wajen aurar da kayan. Kowace furosesa da irin gurbinta. Ryzen 5 5600 tana zama a soket (gurbi) AM4, sai ka nemi madabod, wato babban allon da ake ɗora dukkan kayan a kai, B550 ko B450. Ita 12400F soket LGA1700 take hawa, wato B660 ko B760 ko H610. Ryzen 7000 kuwa AM5 ce, kuma ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) irin DDR5 kaɗai take ci. Madabod ɗin LGA1700 akwai mai DDR4 akwai mai DDR5, sai ka karanta jikin kwali kafin ka sayi ram, domin tsagin ƙasansu ba wuri ɗaya yake ba. In ka danna da ƙarfi karyewa za ta yi. Sannan B450 da ta daɗe a shago tana iya buƙatar a sabunta mata BIOS, wato manhajar cikin madabod da ke tayar da kwamfuta, kafin ta gane Ryzen 5000, dangin 5600 ɗin. Alamarta: fanka na juyawa, fitila na ci, monita baƙi ƙirin. Ka sa mai shago ya tayar maka da ita a gabanka.

Ram 16GB, amma sanda biyu masu 8GB, ba guda ɗaya mai 16 ba, saboda biyun suna aiki ta hanya biyu a lokaci ɗaya. A madabod mai gurbi huɗu, yawanci na biyu da na huɗu ake cikawa, ana ƙirgawa daga wajen furosesa. Ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke ba ram cikakken gudunta, in ba haka ba ram ɗin 3200 da ka biya za ta iya zama tana gudu a 2133 ko 2400. Ma'ajiya kuma SSD irin NVMe mai 1TB, tunda Warzone ita kaɗai tana iya haura 100GB.

Tambaya: Malam, ina Tudun Wada. Kwamfutata tana da RTX 3060, amma da wasa ya yi zafi sai ta mutu ɗif ta sake tashi. Fawa sufulai ɗin, mai raba wa kayan ciki wuta, tare da kes (akwatin kwamfutar) ya zo, an rubuta 650W a jikinsa. UPS ɗina ma, mai batirin riƙe wuta, 650VA ne, in an ɗauke wuta ƙara ɗaya yake yi komai ya mutu.

Amsa: Ɗan'uwa, cuta biyu ce ta haɗu maka. Ta farko, kada ka yarda da babban rubutun jikin fawa sufulai ɗin da ake bayarwa gyara tare da kes. Duba ƙaramin jadawalin gefensa, ka nemi layin +12V, domin daga nan furosesa da katin hoto ke sha. Ka ninka 12 da adadin amfiya da aka rubuta. In ka ga 18A, wat 216 ke nan, ba 650 ba. Yanzu yi lissafin kayanka: RTX 3060 na cin wat 170, furosesa irin 5600 ba ta kai 90 ba, madabod da ram da SSD da fankoki ka ba su 50. Ka haura 300, kuma katin yakan yi fizgar wuta ta ɗan lokaci fiye da haka. Shi ya sa take faɗuwa daidai lokacin da wasa ya ɗau zafi.

Ka nemi na gaske mai wat 550 zuwa 650, mai shaidar 80 Plus Bronze ko sama, daga kamfanoni irin Corsair ko Seasonic ko Cooler Master, wanda ya zo da wayarsa ta katin hoto mai baki 8. In aka ce maka a yi dabara da adafta daga wayar SATA, wadda ke ba ma'ajiya wuta, ka ƙi. Bakin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka, mai baki 8 kuwa har 150. Abin da ke biyo baya shi ne warin roba. A wurinmu, fawa sufulai ne kaya ɗaya da bai kamata a saya na hannu ba, don in ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai.

Ta biyu, VA ba wat ba ce. UPS mai 650VA abin da yake bayarwa bai cika wuce wat 360 zuwa 390 ba, ga monita a kai, ga ɗan batirinsa mai 7Ah da wataƙila ya gaji. Ka koma 1200VA zuwa 1500VA. Ka kuma tambaya ko wutarsa tsantsar “sine wave” ce, wato irin wutar NEPA, domin fawa sufulai na zamani wani lokaci ba ya jituwa da wutar ƙananan UPS da inbata masu arha, sai ya kashe kansa a daidai sauyin. Aikin UPS ya ba ka minti biyar ka rufe wasa ka kashe, ba ka ƙarasa gasar ba. Kada ka jona ta kai tsaye a ƙaramin janareto, kuma in hadari ya haɗo da damina, cire filogi daga bango.

Tambaya: Ni uwa ce a Gyallesu. Yarona ya dame ni in saya masa tsohuwar kwamfutar ofis ta Dell, tokumbo, wai zai sa mata katin wasa. Kuɗin ba za su tafi a banza ba?

Amsa: Hajiya, Allah ya raya shi. Dabarar tana yi, amma tana da iyaka. Waɗannan kwamfutocin ofis, musamman sirara, fawa sufulai ɗinsu yakan tsaya tsakanin wat 180 da 240, kuma bakin wayarsa na kamfanin ne, ba kowane ake musanya shi da shi ba. Katin da zai shiga sai gajere wanda ba ya neman ƙarin waya, kamar GTX 1650 ɗan siriri. Zai buga ƙwallo da GTA V lafiya lau, sababbin manyan wasanni kuwa sai an rage musu kyau. Ki sa ya nemi mai Core i5 zubi na 8 ko sama, irin i5-8500, domin Windows 11 daga nan ta fara karɓa, kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. A buɗe akwatin a auna wurin katin kafin a biya.

Tambaya: Na ga RX 580 mai 8GB na hannu da arha a wajen wani a Sabon Gari. In ɗauka?

Amsa: Sai an gwada, malam. RX 580 na cikin katunan da aka fi azabtarwa wajen haƙar kuɗin kirifto, dare da rana, kuma da aka daina haƙar kuɗin Ethereum a Satumba 2022 aka juye su kasuwa. Ka tafi da manhajojin gwajin kati GPU-Z da FurMark a filash. GPU-Z zai nuna maka ainihin katin: in ka ga 2048SP, ƙarfinsa na RX 570 ne, cikakken 580 yana da 2304. Haka yake tona asirin tsohon katin da aka sauya wa suna, wani ma har ya rubuta masa FAKE. Sai ka kunna FurMark minti 15. Zafi ya tsaya ƙasa da digiri 85, fankoki biyun su juya ba gurnani, kada ka ga ɗigo-ɗigo masu launi ko zane a fuskar monita. Juya bayan katin ka duba sukurori: kan da ya cinye ko tabon ƙuna alama ce an sha buɗe shi. Ka tuna yana cin wat 185, ya fi RX 6600 mai 132 ci, ga shi bai kai shi gudu ba. Mai kayan da ya hana gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Tambaya: Daga Kongo ta Zariya nake. Kes mai gilashi ta gaba da fitilu nake so. Akwai matsala?

Amsa: Kyau kam akwai, amma gilashi ba ya shan iska. A bazarar Zariya, Maris da Afrilu, ɗaki mai rufin kwano yana iya kusantar digiri 40, kuma da wannan iskar kwamfutar za ta yi fifita. In zafi ya yi yawa, furosesa da kati suna rage gudu da kansu, sai ka ga wasa ya fara tsinkewa bayan rabin sa'a. Ɗauki kes mai raga ta gaba, fanka biyu masu milimita 120 suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Shigowa ta fi fita yawa, don kada ƙura ta riƙa kutsowa ta kowace kafa. Gilashin ya zauna a gefe, a nan ma za ka ga fitilunka.

Da hunturu kuwa, ɗora ta a kan tebur, kada ta zauna a ƙasa. Wanke ragar ƙura duk mako biyu, ta bushe sarai kafin ka mayar. Duk wata ka kashe, ka cire filogi, ka fitar da ita waje ka hure da bulowa, kana danne fikafikan fanka da yatsa don kada gudun iska ya lalata su. Busasshiyar iskar hunturu tana tara wa jiki wutar da ke tartsatsi in ka taɓa ƙofar mota, saboda haka ka dafa ƙarfen kes kafin ka kai hannu kan ram ko kati. In za ka ɗaura abin sanyaya furosesa, ɓare ledar da ke manne a gindinsa, ka ɗiga man zafi (thermal paste) kamar ƙwayar wake a tsakiyar furosesa. Wayar monita kuma a bakin katin hoto ake sa ta, can ƙasa, ba a na madabod ba. 5600 da 12400F ba su da hoton kansu, in ka jona a sama ba abin da za ka gani.