Tsohuwar kukar gas da ledar ƙarafan da aka haɗo ta da su: mene ne aikin kowanne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsohuwar kukar gas ta gwanjo mai kai huɗu da oben, ƙirar Italiya. A cikin oben ɗin na tarar da leda ɗauke da wasu ƙananan notuna na tagulla masu lamba a jiki, da wani dogon falle na ƙarfe, da ƙaramin ƙarfe mai kamar alamar tarawa, da dogon tsinke mai cokula biyu. Mai shagon ya ce tarkace ne in zubar. Kuma da na kunna ta, wutar ta tashi sama ja, ta baƙanta gindin tukunya. Me ya kamata in yi? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki zubar da ko ɗaya, kuma ki dakata da girki a kanta tukuna. Maganin jar wutar nan, bisa dukkan alamu, yana cikin ledar da aka ce ki zubar.

Ki fara da neman takardar bayanin kukar. Yawanci tana manne a baya, ko a cikin aljihun da ke ƙarƙashin oben. Idan kin ga G20 da 20 mbar (mbar ma'aunin matsin gas ne), an saita ta ne don gas ɗin bututu da ake kaiwa gidaje a Turai. Namu na silinda shi ne G30 ko G31, ana rubuta masa 28-30 ko 37 mbar. Idan an rubuta na bututu da na silinda duka, kukar tana karɓar kowanne, amma sai an sauya mata jet, wato notunan tagullar nan. A nan ne kuma za ki ga sunan kamfani da lambar ƙirar, waɗanda da su ake neman kayan gyara. Ki ɗauki hotonta da waya tun rubutun bai goge ba.

Notunan tagullar nan su ne jet, wasu masu gyara na ce musu nozul. Kowane kai yana da ɗaya a ƙasansa, ta 'yar ƙofarsa gas yake fitowa. Lambar da ke jiki faɗin ƙofar ce: 50 na nufin rabin milimita. Gas ɗin silinda ya fi na bututu ƙarfi sosai, kuma yana zuwa da matsi mafi yawa, shi ya sa ƙofarsa take ƙarama. A yawancin kukokin Italiya, na silinda su ne 50 don ƙaramin kai, 65 don matsakaita biyun, 85 ko 87 don babba. Na bututu kuwa za ki ga kamar 72, 97 da 115. To ki ɗaga hular kai ɗaya da zoben da ke ƙarƙashinta, ki haska fitila ki karanta lambar wanda ke ɗaure. Idan manyan lambobi ne a ɗaure, ƙananan kuma suna leda, kin gano matsalar: gas ya yi wa iska yawa, ba ya ƙonewa sarai. Baƙin tukunya shi ne ƙaramin abin. Irin wannan wuta tana fitar da iskar guba marar wari da ke kawo ciwon kai da jiri, tana kuma kisa a rufaffen kicin.

Ana sauya jet ɗin da soket mai lamba 7, wato abin kwance noti, bayan an rufe silinda. Ba a ɗaure su da ƙarfi, tagulla tana da laushi, zaren notin yana cinyewa nan da nan. Oben da wutar gashi ta sama suna da nasu jet ɗin daban, kuma su aka fi mantawa, don sai an cire farantin ƙasan oben an zare bututun wutar ake kai musu. Akwai kuma wani ɗan sukuru a jikin famfon kowane makunni, ana ganinsa idan an zare kan makunnin. Shi ke saita ƙaramar wuta, kuma don gas ɗin silinda ana ɗaure shi har ƙarshe. Wannan aiki na mai gyaran da ya san gas ne. Idan wani ya ce zai bubbuga tsohon jet da guduma ya tsuke ƙofar, ko ya toshe da waya, kada ki yarda. Ƙofar tana karkacewa, wutar ba za ta taɓa daidaita ba. In jet ɗin silinda ba su cika a ledar ba, a sayo sabbi da lambar da ta dace.

Dogon fallen ƙarfen garkuwar makunnai ne. Tsofaffin kukoki da yawa ana gashi a cikinsu ne da ƙofar oben a ɗan buɗe, sai a saƙala fallen a ƙarƙashin layin makunnai ya karkatar da zafi. Kukar da kika gani makunnanta sun narke ko sun yi ruwan ƙasa, sau da yawa an yi gashi ne babu shi.

Mai kamar alamar tarawa ana ɗora shi a kan ƙaramin kai don butar kofi ta Italiyawa, mai ƙaramin gindi. Zai yi miki amfani wajen 'yar butar shayi. Tsinken kuwa na gasa kaza ne: a soke ta, a matse da cokulan biyu, a cusa bakinsa cikin ramin da ke bangon bayan oben, inda wata 'yar na'ura take juya shi. Tana buƙatar lantarki, kuma akwai firam ɗin da tsinken ke hawa da mariƙin roba da ake kwancewa kafin a fara gashi. Ki duba ko suna nan.

Abubuwa biyu da ke gefen kai kada a rikita su. Mai farin jiki kamar tangaran shi ne ke ba da tartsatsi. Siririn ƙarfe mai tsini kuwa, in akwai shi, yana jin zafi ne ya yanke gas idan wuta ta mutu. Tsofaffin kukoki da yawa a oben kawai suke da shi. Idan kin danna makunni na daƙiƙa 10 kin saki wuta ta mutu, ko dai ya yi datti, ko notinsa ya saki, ko ya lalace. A gyara shi, kada a cire.

Bayan an gama, a sa sabon tiyon gas da regileta mai 28 zuwa 30 mbar, a ɗaure bakuna biyun da kilif. A shafa kumfar sabulu a duk mahaɗa, inda ya yi ƙwai-ƙwai yana yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Gas ɗin silinda ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, don haka a bar ƙofa a buɗe, taga kaɗai ba ta isa ba. Sannan ki kunna kowane kai ki duba: wutar ta zama shuɗiya, gajeriya, ta zagaye zoben ba giɓi, kuma idan kin murɗa da sauri daga babba zuwa ƙarama kada ta mutu.