Tambaya da Amsa: Ina Zan Samu Littattafai Kan Manufofin Walwalar Jama'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji huɗu a nan Jos. Aikin kammala digirina a kan manufofin gwamnati ne na walwalar jama'a a Najeriya, musamman tallafin kuɗi ga talakawa. Na duba a kwamfutar laburare, amma galibin abin da ke fitowa littattafan Amurka da Ingila ne, na Najeriya kuwa 'yan kaɗan, su ma tsofaffi. Malamin da ke duba aikina ya ce ba zai karɓi abin da aka kwaso daga intanet ba. Ina zan dosa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'a. Kayan da kike nema suna nan, kuma da yawa, sai dai ba a ajiye suke a kanta ɗaya ba, ba kuma suna ɗaya aka yi musu ba. Kowace gwamnati da ta zo sai ta raɗa wa taimakon talaka sabon suna, masu rubutu kuma su bi sunan zamaninsu. Wanda ya buga kalma ɗaya a kwamfuta ya tsaya a nan, zai tashi yana cewa ba a rubuta komai ba.

Don haka kafin ki koma laburare, ɗauki takarda ki jera tarihin abin da shekarunsa. Turawan mulkin mallaka sun yi dokar raya ƙasashen da ke hannunsu da walwalar mutanensu a 1940, suka faɗaɗa ta a 1945, kuma a cikin waɗannan shekarun aikin jami'an walwala ya kafu a Legas, inda aka fi mai da hankali kan yara masu gararamba da ƙananan masu laifi. Gwamnatin Gowon ta yi dokar raya zamantakewa a 1974. Da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya matse jama'a, sai ga DFRRI, hukumar raya karkara, ga NDE, hukumar samar da ayyukan yi, ga shirin Maryam Babangida na matan karkara a 1987. Bayan dawowar mulkin farar hula Obasanjo ya kafa NAPEP, shirin kawar da talauci, a 2001, Jonathan ya zo da SURE-P, shirin yi wa jama'a aiki da rarar kuɗin tallafin man fetur, a 2012, Buhari kuma ya fara shirye-shiryensa na tallafi a 2016: N-Power na ɗaukar matasa aiki, ciyar da 'yan firamare, rance ga ƙananan 'yan kasuwa, da naira 5,000 a wata ga gidaje marasa ƙarfi. An amince da manufar ƙasa ta kare marasa ƙarfi a 2017, aka kafa ma'aikatar jin ƙai a 2019. Kowane suna a nan ƙofa ce ta bincike. Tunda kundin laburare da Turanci yake, ki gwada "social welfare" don tsofaffin rubuce-rubuce, "poverty alleviation" don na zamanin NAPEP, "social protection" da "cash transfer" don na baya-bayan nan, kowanne ki haɗa shi da sunan Najeriya ko na jiha. Ki nema ta layin maudu'i, ba ta sunan littafi kaɗai ba.

Sannan ki koyi karanta lambar da ke gadon bayan littafi, domin ita ce za ta kai ki inda kwamfuta ba ta kai ki ba. Yawancin jami'o'inmu suna bin tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka, mai farawa da haruffa. A can HV shi ne gidan walwalar jama'a, HN yanayin zamantakewa, HQ iyali da mata da yara, HC tattalin arziki da talauci, fansho da inshorar ma'aikata suna cikin HD, lafiyar al'umma kuma RA. Ɗakunan karatu na jama'a sun fi bin tsarin Dewey, inda za ki nufi 361 da 362, sai 368.4 don inshorar zamantakewa. Idan kika ga 669 a wutsiyar lambar Dewey, sau da yawa alama ce littafin kan Najeriya yake. Da zarar kin sami littafi ɗaya mai kyau, tsaya a wurin ki duba maƙwabtansa dama da hagu, sama da ƙasa. Ki kuma buɗe bayansa ki ga waɗanda marubucin ya karanta. Littafi guda yakan haifar miki da goma ta wannan hanyar.

Kada ki raina littattafan ƙasashen waje da kika gani. Babinki na biyu, na bitar abin da aka riga aka rubuta, yana buƙatarsu, domin a cikinsu ne za ki sami muhawarar ko a bai wa kowa tallafi ko a zaɓi mafi talauci, da ko a ɗora wa mai karɓa sharaɗi. Shirin Progresa na Meziko a 1997 da Bolsa Família na Brazil a 2003 su ne suka yaɗa salon ba da kuɗi bisa sharaɗin kai yara makaranta da asibiti, kuma irin wannan tunani ne ya iso mu. Haka nan ki leƙa sashen BP na addinin Musulunci don zakka da waƙafi. A ganina duk binciken walwala da aka yi a Arewa bai taɓo zakka da zumunci da adashi ba, ya bar wani babban ɓangare na yadda talaka ke rayuwa a zahiri.

Inda ɗalibai suka fi yin asara shi ne, suna neman littafi mai bango kawai, alhali yawancin abin da aka rubuta kan manufofin Najeriya yana cikin takardun gwamnati, mujallun ilimi, da kundayen digiri na biyu da na uku. Waɗannan ba a kan kantar kowa-da-kowa suke ba. Ki tambayi sashen takardun gwamnati, sashen mujallu, da sashen kundaye, ki kuma gabatar da kanki ga ma'aikacin teburin tambaya da taken aikinki a rubuce. Aikinsa ke nan, kuma ya san abin da ba a riga an shigar cikin kwamfuta ba. Wannan na da muhimmanci a Jos, domin gobarar Oktoban 2016 ta cinye laburaren Jami'ar Jos na harabar Naraguta tare da ɗimbin littattafan ilimin zamantakewa. Idan kika ga wani tsohon kundi ya ambaci littafi, ki tabbatar yana nan kafin ki dogara da shi, ki kuma duba rumbun jami'ar na intanet inda ake ɗora kundaye da maƙaloli.

Jos ta yi miki gata ta wani fannin. Laburaren Ƙasa yana da reshe a garin nan, kuma dokarsa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi 3, gwamnatin jiha 10, ta tarayya 25, shi ya sa ake fara neman tsofaffin takardun gwamnati a wurinsa. Ga kuma Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Ƙasa a Kuru, wadda aka kafa a 1979, inda manyan jami'an da ke halartar kwas ke rubuta bincike kan manufofin gwamnati, wasu a kan shirye-shiryen da su da kansu suka gudanar. Shiga can sai da izini. Idan aikinki zai koma zamanin En'e, to sai Kaduna: Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa.

Game da maganar malaminki, yana da gaskiya idan rubutun da ba a san marubucinsa ba yake nufi. Amma rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ba ya zama shara don an sauke shi daga intanet. Binciken hukumar na 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan ƙasa suna ƙarƙashin ma'aunin talauci, rahotonta na 2022 kuma ya ƙidaya mutum miliyan 133 cikin talauci mai fuskoki da yawa. Ma'aunai biyu ne daban, na farko kuɗin kashewa yake dubawa, na biyu ilimi da lafiya da muhalli da aikin yi, don haka kada ki jera su kamar ɗaya ya ƙaru ya zama ɗayan. Takardun Bankin Duniya ma kyauta suke, kuma kina buƙatarsu, tunda da rancen bankin na dala miliyan 500 da kusan dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su aka tafiyar da tallafin kuɗin da kike nazari. Mujallun Afirka kuwa ki neme su a AJOL, rumbun mujallun ilimi na Afirka a intanet, sannan ki tambayi sashen kwamfuta na laburarenku waɗanne rumbuna jami'a ta biya wa ɗalibai. Ki buga shafin farko na kowane rahoto ki kai wa malamin ya gani da idonsa.

Sai dai ki karanta takardar gwamnati da lura. Ma'aikata ba ta cika rubuta gazawarta ba, abin da ta yi niyya da yawan waɗanda ta ce sun amfana za ki tarar. Ki auna shi da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, da muhawarar Majalisar Dokoki, da tsofaffin jaridu da aka ɗinke, irin su Nigeria Standard ta nan Jos da Gaskiya Ta Fi Kwabo. A nan ne za ki ji koken waɗanda aka rubuta sunansu ba su ga ko kwabo ba.

Shawara ta ƙarshe kan taken naki: ya yi faɗi ga aikin shekara ɗaya. Ki zaɓi shiri ɗaya, da ƙaramar hukuma ɗaya kamar Jos ta Arewa ko Bassa, da 'yan shekaru ƙayyadaddu. Kafin ki je Kuru ko Kaduna, ki karɓi takardar gabatarwa daga shugaban sashenku, ki riƙe katin shaidar ɗalibta, ki kuma tuntuɓe su tukuna don sanin ranakun da suke karɓar masu bincike daga waje.