Daidaita na'urar hangen nesa da arewa kafin ɗaukar hoton taurari a Yamai

Malam, ka tambaya wane irin daidaito ake bukata, tunda taurarinka suna fitowa da jela idan ka bar kyamara a buɗe minti 5. Na yi shekaru ina fama da wannan a nan Yamai, kuma amsar tana ga tsawon madubinka da daɗewar ɗaukar.

Idan sandar juyawar mazauni, wato injin da ke ɗauke da na'urar yana bin taurari, ta kauce wa tsakiyar juyawar sararin samaniya da minti 1 na kusurwa (kashi ɗaya cikin 60 na digiri), tauraro yana iya zamewa arewa ko kudu da kusan daƙiƙa 0.26 ta kusurwa (daƙiƙa 60 ke yin minti 1 na kusurwa) a kowane minti na agogo. Kuskuren minti 5 na kusurwa ke nan zai ja tauraro daƙiƙa 6.5 a ɗaukarka ta minti 5. Da madubi mai milimita 400 da fiksel (ɗigon hoto a kyamara) mai faɗin maikuron 3.76, kowane fiksel yana ɗaukar kusan daƙiƙa 2 na sama, jelar ta wuce fiksel 3. Ni ba na fara ɗauka sai kuskuren ya sauko ƙasa da minti 2, sai dai idan PHD2, manhajar da ke gyara tafiyar mazauni, na riƙe da tauraron jagora, nan ina yarda da minti 5.

Abin da ya fi wahalar da mu shi ne tauraron arewa. Digiri 13.5 kawai yake tasowa a samanmu, katanga ko dogon yaro na tare shi, hazon hunturu kuma ya dusashe shi. Ba ya kan tsakiyar ma, yana gefe da kusan minti 40 na kusurwa, kuma iskar da haskensa ke ratsawa tana ɗaga shi da wajen minti 4. Shi ya sa na koma bin zamewar tauraro. A watan Janairu nakan kama ɗaya daga taurari uku na ɗamarar rukunin taurarin Oriyon idan sun iso tsaka tsakanin gabas da yamma, in zuba masa ido minti 10, in gyara kusar mazauni ta hagu da dama. Sannan in kama wani can ƙasa a gabas domin kusar sama da ƙasa. Idan kuwa jelar gabas da yamma ta nufa, ka duba haƙoran injin tukuna.

Ka kula da ƙasa. Wani dare a bayan gari na gama gyara tsaf, kafin tsakar dare ƙafa ɗaya ta nutse cikin rairayi, hotunan Kaza da 'Ya'yanta duka suka lalace. Tun ranar nake aza kowace ƙafa kan bulo, in ɗora dukan kaya, sannan in taɓa kusoshin.